Lambun da ke bayan katanga

'Yan'uwa, akwai wani lambu da na fi shekara uku ina kallo, kuma ba nawa ba ne. Katangar da ta raba gidanmu da na maƙwabciyarmu a nan Gombe gajeriya ce, iyakarta ƙirjina. Kowace safiya in na fito wanke fuska, idona sai ya tsallaka. Maƙwabciyar nan dattijuwa ce, gwauruwa, tana riƙon jikoki biyu, kuma duk layinmu Mama muke ce mata. Filin da ke bayan ɗakinta bai fi a shimfiɗa tabarma goma ba, amma abin da ta tara a ciki sai wanda ya gani.

Zogale ne jere a jikin katanga, ta sare kawunansu daidai kafaɗa, sun yi rassa sun cika da ganye. Shuwaka na kusurwa. Gwanda biyu na tsaye, 'ya'ya sun yi musu cincirindo a wuya. Ga alayyafo a kwamai ƙanana, ga attaruhu a tsofaffin buhunan siminti, ga lemun tsami guda ɗaya da ba na tuna ranar da na gan shi babu ɗa. Da damina kuɓewa da rama da yakuwa sukan shigo layi, kabewa kuma ta haye rufin ɗakin girki. Akwai ɗaɗɗoya a cikin wata fasasshiyar tukunya, wadda in yamma ta yi aka zuba mata ruwa, ƙanshinta har tsakar gidanmu. Wanda ya san Gombe a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, ƙasa ta yi fari, kowane ganye ya yi furu-furu da ƙura, shi zai gane abin da nake nufi in na ce wurin nan kore shar yake zama.

Da farko murna nake yi da shi, kuma murnar gaskiya ce. Nakan kira uwargida in ce ta zo ta ga ikon Allah. Nakan ɗaga murya in ce, “Mama, sannu da aiki, wannan lambu naki sai godiya.” Ita kuma ta ce, “Yauwa ɗana, aikin tsufa ne.” Ban san ranar da abin ya juya ba. Abin da na sani shi ne, wata rana wani ɗan'uwa daga majami'armu ya kawo mini ziyara, muna zaune a tsakar gida, ya hango lambun ya shiga yabo. Kafin ya rufe baki na ji kaina ina cewa, “Ai ita ba ta da wani aiki ne. Ai kuma ɓangarenta ya fi ƙasa mai kyau.” Ku lura da wannan ƙaramar kalma, ai. Da ita muke rage wa mutum tsawo ba tare da mun zage shi ba. Ƙasar nan iri ɗaya ce, fili ɗaya aka yanka biyu. Na sani sarai.

Tambayar da nake so mu yi tunani a kai ke nan: a ina sha'awar abin kirki take ƙarewa, ƙyashi ya soma? Ido ɗaya ne ke kallo, baki ɗaya ne ke yabo, kalmomin ma sau da yawa iri ɗaya ne. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa yabo yakan zo da dafi a ƙarƙashinsa, shi ya sa maƙwabtanmu Musulmi in sun yaba yaro ko dabba sukan bi da tubarkalla, ana kuma maganar kambun baka. Ni ban yarda bakin mutum yana iya busar da gwanda ba. Amma na yarda mutanen da suka fara wannan tsoro sun san zuciyar ɗan Adam.

Wasu za su ce maganin abin shi ne mutum ya kau da kai, ya kula da nasa. Ban ga haka a Littafi Mai Tsarki ba. A Farawa sura 2, itatuwan da Allah ya shuka a Aidan an fara ambaton kyansu ga ido kafin amfaninsu ga ciki. A Matiyu sura 6, Ubangiji Yesu da kansa ya umarci almajirai su tsaya su dubi furannin jeji, har ya fifita adonsu a kan na Sulemanu. Furannin nan ba na almajiran ba ne, ba su shuka su ba, ba za su kai su kasuwa ba. Ashe mutum yana iya jin daɗin abin da bai mallaka ba, kuma wannan baiwa ce. Wanda ba ya iya ganin kyan abu sai in nasa ne, talaka ne ko da gonakinsa sun kai ɗari, don abin da ke nasa a duniyar nan kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka laifin ba na kallo ba ne.

Wasu kuma za su ce, to mene ne aibun in ga na wani in so irinsa? Ba haka ake ci gaba ba? Wannan ya fi wuyar amsawa, don akwai gaskiya a ciki. Yawancin abin kirkin da muka iya, a wurin wani muka gani. Ni ma da wannan hujja na rufe bakin lamirina. Na ce zan yi nawa lambun. Amma ku ji abin da na yi. Maimakon in zagaya in tambayi Mama, wadda ƙofarta ba ta kai taku ashirin daga tawa ba, sai na jira har wani taro ya kai ni Jos a watan Janairu. Can na sayo dashen sitiroberi da na furen wardi da na kabeji, na ɗauko su a kwali kamar ƙwai. Me ya sa waɗannan? Don Mama ba ta da su. Da miya nake nema, da zogale da alayyafo zan shuka. Abin da nake nema shi ne ranar da wani zai tsaya a gidanta ya hango nawa.

Jos tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, Gombe kuwa ba ta kai rabin haka ba. Sanyin tudun nan shi ya sa dankalin turawa ke yi a Bokkos da Mangu, sitiroberi kuma a wajajen Vom. Tsiron da ya saba da wannan sanyi ba ruwansa da burina. Sitiroberi ya fara ƙonewa tun daga bakin ganye, kabeji ya ƙi naɗewa tsutsa ta gama da shi, wardi ya daure har Afrilu sannan ya zama ƙirare. Na sayi ruwa a wurin 'yan garuwa har uwargida ta fara tambaya ko rijiya nake cikawa. Duk wannan lokaci zogalen Mama na ta yin ganye, kuma kowace safiya sai na ji kamar da gangan yake yi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta wannan. A bayan lambun akwai wata ƙaramar ƙofar langa-langa da ke fita lungu, da igiya ake ɗaure ta. Wata asuba a watan Nuwamba na fito zan tafi addu'ar safe, Littafi a hammata, sai na ga ƙofar a buɗe, igiyar ta tsinke. A bakin lungun ga awaki huɗu ko biyar suna tahowa. Na gan su, na ga ƙofar, na kuma san abin da zai faru. Taku biyar ne tsakanina da ita. Na ce wa kaina na makara, na wuce. Na je na ɗaga hannuwa na yi waƙa tare da jama'a. Da na dawo, alayyafo ya zama kututture, zogale an zage shi iyakar inda wuyan akuya ya kai, kwamin irin tumatir da ta raina kusan wata guda babu ko ɗaya. Mama na tsaye a tsakiya riƙe da haɓa. Na ce, “Kai, Mama, sannu, Allah ya mayar da alheri.” A can ƙasan zuciyata kuwa, wani ɗan sanyi na ji, irin na wanda aka sauke wa kaya.

Wannan ɗan sanyin shi ne amsar tambayarmu. Awakin nan ba su kawo mini ko ganye ɗaya ba. Tukunyarmu ba ta ƙaru da kome ba, ta ma ragu, don Mama takan miƙo mana ganye ta kan katanga. In da abin da nake so lambu ne, ɓarnar nata ba za ta rage mini ƙishi ba. Tun da ta rage, ashe ba lambu nake so ba. Ina ganin kowa zai iya gwada kansa da wannan. Ka ɗauki abin da kake yabo a hannun ɗan'uwanka, ko gida ne, ko aure, ko murya a ƙungiyar mawaƙa, ko yaro mai ƙoƙari a makaranta. Ka tambayi kanka: in aka wayi gari abin nan ya lalace, ni kuma ban sami kome ba, zan ji zafi ko zan ji sauƙi? Kada ka yi saurin amsawa. Ni da an tambaye ni kwana ɗaya kafin zuwan awakin, da na rantse zafi zan ji.

Mu da muke son ba da shaida a sujada, wannan ya shafe mu sosai. 'Yar'uwa ta tashi ta ce Ubangiji ya ba ta aiki bayan shekaru tana nema, mu kuma mu amsa da ƙarfi cewa namu na zuwa. Ba laifi ba ne, bangaskiya takan ƙarfafa da jin abin da Allah ya yi wa wani. Amma a cikin wannan amin ɗin, akwai ko ɗan wurin da muka tsaya muka yi murna da nata, nata kawai, ko da namu bai zo ba?

Akwai sarki guda a Littafi Mai Tsarki da lambu ya kai shi ga jini. A 1 Sarakuna sura 21, Nabot mutumin Yezreyel yana da gonar inabi kusa da fadar Ahab. Ahab ya so ta ne don ya mai da ita lambun ganyaye, tun da tana dab da gidansa. Tayin da ya yi, in an duba, ba na zalunci ba ne: ya ce zai ba da wata gonar da ta fi ta, ko kuwa kuɗinta. Nabot ya ƙi, domin gādon kakanninsa ce, kuma shari'ar da ke Littafin Firistoci sura 25 ta hana a sayar da ƙasa ta tafi har abada. Abin da ke ba ni tsoro a labarin nan shi ne abin da Ahab ya yi bayan haka. Bai tura soja ba. Ya koma gida ya kwanta, ya juya fuska, ya ƙi abinci. Yezebel ce ta rubuta wasiƙu da sunansa ta buga hatiminsa, dattawan gari suka shirya azumi, shaidun ƙarya biyu suka yi magana, jama'a suka yi jifa. Ahab bai ɗaga dutse ko ɗaya ba. Duk da haka da annabi Iliya ya zo, a cikin gonar ya same shi, kuma shi ya tuhuma da kisan.

Na sha karanta wannan sura ina ganin Yezebel. Bayan asubar nan, Ahab na gani. Ƙyashi bai cika bukatar hannunka ba. Ya ishe shi ka yi shiru a inda ya kamata ka yi magana, ka makara a inda ya kamata ka tsaya, ka bar awaki su yi aikin. Shi ya sa dokar ƙarshe cikin goma, a Fitowa sura 20, ta bambanta da sauran. Ana iya kama ɓarawo, ana iya kawo shaida a kan mai kisa, amma babu alƙalin da zai ɗaure mutum don ya yi ƙyashi. Da Mama ta kai ni ƙara wurin mai unguwa, da me za ta ce na yi? Ba akuyata ba ce, ba ni na tsinke igiya ba. Manzo Bulus ma, a Romawa sura 7, da yake so ya nuna yadda Shari'a ta tona masa asiri, wannan dokar ya ɗauko.

Kwana takwas na yi ina fama. Ranar ta tara na zagaya na yi sallama. Shekara uku ina kallon lambun nan, amma ran nan na fara sa ƙafa a cikinsa. Na ce, “Mama, na zo neman gafara ne. Na ga ƙofar a buɗe ran nan, na ga awakin, na wuce.” Ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, “Na gan ka ta taga, ɗana. Kafin in sami sandata in fito sun riga sun shiga.” Ashe duk kwanakin nan da take amsa gaisuwata ta sani. Ta ce tumatirin ne ya fi yi mata ciwo, don shi take sayarwa ta yi wa jikoki hidimar makaranta, kuma in ba a dasa shi da wuri ya yi fure cikin sanyin hunturu ba, zafi na zuwa furen sai ya kakkaɓe. Ta sake zuba iri, amma an riga an ci mata wata guda. Na ce zan biya. Ta ce, “Kuɗi ba ya dawo da wata. Na yafe maka. Zo ka riƙe mini wannan.” Ta miƙo mini bokiti.

A ranar na ga abin da ba a hangowa ta kan katanga. Mama ba ta da rijiya, ba ta da famfo. Jarka mai lita 25 take saya kamar kowa, sai dai ruwa ba ya fita gidanta sau ɗaya. Na wanke shinkafa da na ɗauraye kwanuka, muddin ba sabulu da yawa, duk a wani tsohon baho suke taruwa. Ba ta ban ruwa da rana tsaka, sai da asuba ko in rana ta yi sanyi, kuma gindin kowace shuka a rufe yake da busasshen ganye don kada laima ta gudu. Kashin kaji sai ya yi makonni a rami ya huce kafin ta zuba, ta ce ɗanyensa ƙone saiwa yake yi. Toka take barbaɗawa saboda ƙwari, ta kuma jiƙa dakakken ganyen darbejiya ta yayyafa ruwan. Ta nuna mini inda gara ta cinye mata gwaiba har sau biyu, da inda gwanda ta ruɓe wata damina saboda ruwa ya kwanta mata a gindi, da ramin mangwaron da ta haƙura da shi. Abin da ya mutu a lambun nan ya fi abin da ke tsaye yawa. Wanda ya tsaya a bayan katanga, waɗanda suka rayu kawai yake gani, shi ya sa yake cewa ai ƙasarta ce mai kyau.

Na ba ta labarin sitiroberina, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ita ba ta shuka abin da take so, sai abin da wurin ya yarda da shi. Na tambaye ta ko wannan ba ƙanƙantar buri ba ce. Ta nuna mini zogalen da awaki suka zage, ga shi ya fara fitar da sabon toho. Ta ce, “An ce hassada ga mai rabo taki ce. Dubi nan, awakin ma sun ci sun bar mini taki.” Ban san ko da awakin kaɗai take ba. Ban tambaya ba.

Da zan tafi ta ɗauki adda ta saro mini rassan zogale uku masu kaurin hannu da na shuwaka biyu, ta ƙulle mini irin alayyafo da na gwanda a takarda. Zogale da shuwaka ba sa neman wata dabara, reshe ake kafawa a ƙasa ya kama. Ina riƙe da su na lura cewa lambunta bai ragu da kome ba, saran ma ƙara wa zogale rassa yake yi. Sai na tuna inabi ma da reshe ake dasa shi. Da abin da ya burge Ahab a gonar Nabot kyanta ne, da ya roƙi reshe, kuma ina zaton da an ba shi. Amma wanda zai roƙi reshe dole ya shiga ta ƙofa, ya yi sallama, ya yarda cewa mai gonar ya san abin da shi bai sani ba. Sarki bai iya wannan ba. Ni ma da ba sarkin kome ba, sai da na yi shekara uku da tafiyar Jos da kunyar awaki kafin na iya.

Kada in sa ku zaci na warke sarai. Har yanzu lambunta ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma akwai safiyar da nakan ji tsohon abin nan yana motsi, musamman in baƙo ya tsaya a gidana yana yabon nata. Bambancin shi ne yanzu na san sunansa, in ya taso kuma nakan faɗa wa baƙon yawan bokitin da tsohuwar nan ke ɗauka kafin gari ya waye. Tumatirinta na shekarar nan bai yi rabin na bara ba, zafi ya riske shi kamar yadda ta faɗa, kuma wannan yana wuyana. Na sa wa ƙofar lungun sakata, na kuma ɗauki sayen jarka biyu na ruwanta kowace Asabar. Da farko ta ƙi, daga baya ta ce to, in dai ba biyan tumatir ba ne.

Zogalena uku, biyu sun kama. Alayyafo mun fara tsinka tun bai cika mako shida ba. Gwanda kuwa na bar uku suka girma, da suka yi fure Mama ta leƙo ta kan katanga ta ce biyu maza ne, ba za su yi 'ya'ya ba. Na ɗauko adda zan sare su duka. Ta ce, “A'a ɗana, sare ɗaya ka bar ɗaya. Macen tana bukatarsa, nawa ma za su samu.”